Tsibirin da Mutanen Perast Suka Gina da Hannunsu: Tarihi da Ginin Cocin Gospa od Škrpjela

A ƙasar Montenegro, kudu maso gabashin Turai, akwai wurin da tekun Adiriyatik ya kutsa tsakanin duwatsu ya yi lungu-lungu, ana kiransa Boka Kotorska. Duk jirgin da zai shiga can ciki sai ya bi ta wani matsattsen mashigi mai suna Verige, wanda faɗinsa bai wuce mita 300 da 'yan kai ba. Yana fitowa daga mashigin zai yi kiciɓis da garin Perast a gindin dutse, da wasu ƙananan tsibirai biyu a gabansa. Na farko, Sveti Đorđe, halitta ce: tudun dutse mai dogayen itatuwa, da tsohon gidan 'yan zuhudu, da maƙabarta. Na biyun mutane ne suka yi shi. Shimfiɗaɗɗe ne, an daɓe shi da dutse, girmansa murabba'in mita 3,030, kuma daga nesa siffarsa ta jirgin ruwa ce da ya yada zango. A kansa akwai cocin Katolika mai kubba da hasumiya, shi ne Gospa od Škrpjela, cocin Maryamu na kan dutsen teku.

Cocin ƙarami ne ƙwarai, ayarin baƙi guda kan cika shi. Amma a cikinsa akwai zanen fentin mai har 68 na mutum ɗaya, da farantan azurfa fiye da 2,000, da bagaden marmara da aka ɗauko mai sassaƙa shi daga Italiya. Tambayar da ta dame ni game da wurin ita ce: me zai sa garin da yake da fili a tudu, yake da coci-coci birjik, ya share kusan shekara ɗari biyu yana zuba dutse a ruwa don kawai ya samu inda zai kafa gini?

Yadda aka samu ƙasar

Mutanen Perast suna da tasu amsar. Sun ce ranar 22 ga Yuli 1452 wasu masunta biyu, wa da ƙane daga gidan Mortešić, suka tsinci hoton Maryamu riƙe da jaririnta a kan wani ɗan tsirin dutse da ya leƙo saman ruwa. Ɗaya daga cikinsu da ke fama da ciwo ya samu lafiya, sai garin ya yi bakancen gina ɗakin ibada a daidai wurin da aka ga hoton. Tsirin kuwa ba zai ɗauki gini ba. Dole sai an fara yin ƙasar tukuna.

Dabarar da suka yi abar tsayawa a duba ce. In aka zuba dutse warwatse a cikin teku, gangarawa yake yi, igiyar ruwa ta kwashe ƙanana, tulin ya baje. Don haka sai suka riƙa ɗauko tsofaffin jiragen da suka gama aiki, da waɗanda aka ƙwace a wajen yaƙi, a cika su fal da duwatsu, a ja su zuwa gefen tsirin, a nutsar. Gangar jikin jirgin ita ke riƙe duwatsun wuri guda a ƙasan ruwa, sai a sake zuba wasu a kai, su danne, su zauna. A bakin mutanen garin, jiragen da ke kwance a ƙarƙashin tsibirin sun haura ɗari. Bayan wannan kuma akwai al'ada: duk matuƙin da ya dawo gida lafiya daga tafiya, sai ya jefa nasa dutsen. Aikin gayya ne irin wanda kakanninmu suka yi wa ganuwar birni, kowane gida da nasa kason, kuma wanda ya fara ya san ba shi zai ga ƙarshe ba.

Akwai wani dalilin da labarin masunta bai faɗa ba, kuma a ganina shi ne ya ba aikin ƙarfin da ya ɗore. Gidan zuhudun da ke Sveti Đorđe, na 'yan ɗariƙar Benedikt ne tun ƙarni na 12, kuma ko da yake a ƙofar Perast yake, ikonsa yana hannun birnin Kotor, mai nisan kimanin kilomita 12. Manyan Kotor ke naɗa shugaban gidan. Mutanen Perast a nan suke binne mamatansu, amma ba su da ta cewa. Rikicin ya yi tsamari har a 1535 suka kashe shugaban da Kotor ta naɗa musu, wani mai suna Pompej Paskvali, abin da ya jawo wa garin hukuncin kora daga cikin jama'ar coci na wani lokaci. To a gefen wannan tsibirin da ake taƙaddama a kansa ne suke ta tara nasu. Ƙasar da ka yi da hannunka, babu wanda zai fito da tsohuwar takarda ya ce ta kakansa ce. Ibada da neman 'yancin kai sun tafi tare a wannan aiki, kuma ban ga dalilin raba su ba.

Hoton da ake magana yana nan har yau a kan bagade. An zana shi a kan allon katakon al'ul, kuma masana tarihin zane suna danganta shi ga Lovro Dobričević, haifaffen Kotor wanda ya yi aiki a biranen Venis (a Italiya ta yau) da Dubrovnik (a Kuroshiya ta yau), ya rasu a 1478.

Gari a bakin iyaka

Daga 1420 zuwa 1797 Perast tana ƙarƙashin Jamhuriyar Venis. A 1482 Turkawa suka ci Herceg Novi da Risan, garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a cikin gaɓar, sai ta wayi gari a bakin iyakar dauloli biyu, ga shi ba ta da ganuwa. Venis na buƙatar mutanen da za su tsare mashigin Verige, don haka ta sakar wa Perast mara: ta yafe mata harajin kaya a kasuwanninta, ta kuma ba ta amanar riƙe tutar yaƙin jamhuriyar. Gidaje goma sha biyu na asalin garin ke ba da masu gadin tutar, kuma suna cikin jirgin babban kwamandan Venis a yaƙin teku na Lepanto da aka yi da Turkawa a 1571. Da wannan rangwamen ne fataucin teku ya kankama, kuɗi suka shigo.

Zaman iyaka yana da tsada. A 1624, lokacin da yawancin mazan garin ba sa nan, 'yan fashin teku daga Tunis suka afka wa Perast, suka kwashe ɗaruruwan mutane zuwa bauta, suka lalata ƙaramin ɗakin ibadar da ke kan tsibirin. Garin ya sha wahalar tara kuɗin fansar mutanensa. Duk da haka, shekara shida kacal bayan harin, a 1630, aka tayar da cocin da ke tsaye yanzu. Wannan ɗan tazarar ta fi komai nuna mini matsayin wurin a zukatansu. Sai kuma 15 ga Mayu 1654, ranar da rundunar Turkawa ƙarƙashin Mehmed-aga Rizvanagić ta kawo hari, 'yan tsirarun masu tsaron gari suka kore ta, shi kansa jagoran ya mutu a fagen. Mutanen Perast sun jingina nasarar ga kariyar Maryamu, kuma daga nan darajar cocin tsibirin ta wuce ta sauran duka.

Ginin kansa

Salon da ake kira Barok, wanda wannan cocin ya bi, ya taso ne a Roma wajen ƙarshen ƙarni na 16, bayan babban taron cocin Katolika na Trent da aka yi daga 1545 zuwa 1563. Manufarsa ita ce gini ya kama zuciyar mai shiga: haske daga sama, launi mai ƙarfi, zanen da ke motsi, rufin da ke sa mutum ɗaga kai. A Roma da Venis an yi shi da girma da ɗimbin dukiya. A Perast akwai iyakoki biyu da ba su da magani, ƙarancin fili da kuma ƙasar da aka yi da tulin dutse, wadda ba za a ɗora mata nauyi barkatai ba. Yadda maginan suka bi da waɗannan iyakokin shi ne ainihin darasin ginin.

Cocin 1630 zaure ɗaya ne miƙaƙƙe, ba ginshiƙai a tsakiya, ba ɗakunan gefe. Bangon sassaƙaƙƙen dutse ne, kusan ba ado, fuskar gaba ƙofa ce da 'yar zagayayyar taga a samanta. Ba shi da tsawo sosai, ya kwanta wa iska. Wanda ya san yadda hunturu ke kaɗa gishirin teku a jikin gini zai gane cewa duk wani ƙawa da aka liƙa a waje ba zai daɗe ba.

Kusan shekara casa'in bayan haka, tsakanin 1720 da 1725, aka ƙara ɓangaren da ya ba cocin kamanninsa na yau: ɗaki mai kusurwa takwas a wajen bagade, da kubba a kansa. Ana danganta tsarin ga Ilija Katičić, magini daga Dubrovnik, wanda shi ya kammala babban cocin birninsu a 1713 bayan girgizar ƙasar 1667 ta rushe tsohon. Matuƙan Perast kullum suna shiga Venis, kuma abin da ke tarbar jirgi a bakin babbar hanyar ruwan birnin shi ne cocin Santa Maria della Salute na Baldassare Longhena, wanda aka fara a 1631, shi ma mai kusurwa takwas ne, mai kubba, shi ma kuma cikar bakance ne ga Maryamu bayan annobar 1630. Ina ganin da wuya a ce masu biyan kuɗin aikin Perast ba su da wannan hoton a ransu. Sai dai ba su kwaikwayi girmansa ba. Sun ɗauki siffar, suka rage ta daidai ƙarfin ƙasarsu.

Kubbar tana yin aiki biyu. Daga ciki, tagoginta na zubo haske a kan bagade, alhali zauren yana da ɗan duhu, sai idon mai shiga ya tafi can kai tsaye. Daga waje kuma ita ce alamar da mai fitowa daga Verige ke fara hangowa. A gefenta akwai hasumiyar ƙararrawa zagayayya, gajera, mai kauri, da 'yan ƙananan kafofi a jiki, ta fi kama da hasumiyar tsaro. Bayan abin da ya faru a 1624, ba abin mamaki ba ne. Jikin cocin kuma an haɗa gidan mai kula da wurin, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi.

Ciki

Duk abin da aka hana waje, an zuba shi a ciki. Mutumin da ya tsara hakan shi ne Andrija Zmajević, ɗan Perast, wanda aka haifa a 1628 ya rasu a 1694. Ya riƙe shugabancin gidan zuhudun Sveti Đorđe, alamar cewa a ƙarshe Perast ta samu abin da ta daɗe tana nema, sannan a 1671 ya zama babban bishop na Bar, wani birni a gaɓar tekun Montenegro. Da yake Bar na hannun Turkawa, a garinsu ya zauna. Marubuci ne, mai tara tsofaffin waƙoƙin baka da rubuce-rubucen kan dutse. Shi ya ɗauki nauyin wani matashin garin mai suna Tripo Kokolja, haifaffen 1661, ya damƙa masa zanen cocin gaba ɗaya.

Kokolja ya rufe bango da rufi da zane 68, kuma an jera su ne da tunani. Layin ƙasa, daidai idon mai tsaye, annabawan Tsohon Alkawari ne da matan duba na tsohuwar duniyar Girka da Roma, waɗanda a fahimtar Katolika suka yi bushara da abin da zai zo. A sama akwai manyan zane huɗu daga rayuwar Maryamu, mafi girmansu shi ne na rasuwarta, mai tsawon mita goma. Rufin an raba shi gida-gida da firam mai ruwan zinariya, a tsakiya kuma ɗaukar Maryamu zuwa sama, wanda shi ne abin da aka keɓe cocin dominsa, ake bikinsa kowace 15 ga Agusta. Wato ido na tashi daga alkawari, ya bi ta rayuwa, ya ƙare a sama. Gwanintar Kokolja ba ɗaya take a ko'ina ba, wani wurin hannu ko kafaɗa ba su zauna daidai ba, kuma ba ya cikin sahun manyan masu zanen Venis. Ƙarfinsa yana wajen launi da kuma yadda ya sa zane da gini suka zama abu guda. Ya ƙarasa rayuwarsa a tsibirin Korčula, inda ya rasu a 1713.

Tsakanin layin annabawa da manyan zanen akwai ɗamarar azurfa da ta zagaye zauren. A nan ne na fi son mai karatu ya matso kusa. Farantai ne sirara, galibinsu ba su fi tafin hannu ɗaya ko biyu ba, an bubbuga su daga baya har hoto ya taso. A kan wannan jirgi ne ya karkata, igiyar ruwa ta kai rabin jikinsa, ƙyallen iskarsa ya yage. A kan na kusa da shi jirage biyu ne ke musayar wuta, hayaƙi an yi shi da 'yan layuka masu lanƙwasa. A kusurwar sama, kusan kullum, Maryamu ce a kan gajimare. Wasu kuma siffar ƙafa ce kawai, ko ido, ko zuciya, na wanda ya warke daga ciwo. Kowane faranti mutum ne da ya ga mutuwa ido da ido, ya yi bakance, ya tsira, ya je wajen maƙeri ya biya. Masu binciken tarihin jiragen ruwa suna amfani da su, domin maƙeran sun zana irin jiragen zamaninsu dalla-dalla. Babban bishop ya tsara labarin da ke sama, talakawa da matuƙa suka rubuta nasu a ƙasa, kuma bangon ya ɗauki duka biyun.

Bagaden da ake gani yanzu ya zo daga baya, a 1796, aikin Antonio Capellano ne na birnin Jenowa, da marmara kala-kala. A bayansa akwai wani ɗan lungu da mutum ke ratsawa a karkace, da wata kafa da ake zura hannu a taɓa ainihin tsirin dutsen da aka fara komai a kansa. Maginan ba su binne shi ba, sun bar masa hanya.

A gidan tarihin akwai ƙaramin ɗinkin hannu da Jacinta Kunić-Mijović ta kammala a 1828, bayan shekara 25 tana yi tana jiran mijinta da ya tafi teku. Ta yi amfani da zaren siliki da na zinariya da na azurfa, gashin mala'ikun da ke kewaye da Maryamu kuwa da nata gashin ta ɗinka. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a ga na farko baƙi ne, na ƙarshe furfura. An ce idonta ya tafi a kan aikin. Farantan azurfa labarin waɗanda suka dawo ne, wannan kuwa na waɗanda aka bari a gida.

Tsibirin ya yi wa garin wani aikin dabam. Da yake ba unguwar kowa ba ne, a nan ake zaman sulhu tsakanin gidajen da ke gabar jini, har akwai zauren da ake kira na sasantawa. Amare kuma har yau sukan bar furannin aurensu a cocin.

Babban cocin da ba a gama ba

Kwatanci mafi amfani yana cikin Perast kanta. A dandalin garin akwai cocin Sveti Nikola, mai hasumiyar da ta kai mita 55, wadda aka gina a 1691. A 1740 aka fara sabon ƙaton coci a jikinsa bisa tsarin Giuseppe Beati na Venis. Wajen bagade da ɗakunan gefensa kaɗai aka iya tayarwa. A 1797 Napoleon ya kawo ƙarshen Jamhuriyar Venis, kuma ranar 23 ga Agusta na shekarar mutanen Perast suka sauke tutar da suka tsare ƙarni da ƙarni, suka binne ta a ƙarƙashin bagaden Sveti Nikola. Rangwamen haraji ya tafi. Austiriya ta zo, Faransa ta karɓa na 'yan shekaru, Austiriya ta dawo har 1918. Jiragen tururi suka kashe kasuwar jiragen iska. Garin da a 1698 Marko Martinović ya koyar da 'ya'yan manyan Rasha tuƙin jirgi bisa buƙatar Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma, ya koma shiru, manyan gidajensa suka zama kango.

Babban cocin yana buƙatar kuɗi mai yawa a lokaci guda, da kuɗin suka yanke sai ya tsaya cak. Na tsibiri an yi shi ne kaɗan-kaɗan, 1630, sannan zanen Kokolja, sannan kubba, sannan bagade shekara guda kafin faɗuwar Venis, kuma a kowane mataki cikakken wurin ibada ne da ake amfani da shi.

Halin da ake ciki

Ranar 15 ga Afrilu 1979 girgizar ƙasa mai ƙarfi ta daki gaɓar Montenegro, ta yi ɓarna a Kotor da Perast. A shekarar ne UNESCO ta sa yankin Kotor cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da kuma jerin waɗanda ke cikin haɗari, inda ya zauna har 2003. Tsibirin ya tsaya. Abokan gabarsa na kullum su ne laima da gishiri. Duwatsun Orjen da ke saman gaɓar na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Turai, ƙyallen zane mai shekara fiye da ɗari uku kuwa ba ya shiri da danshi, azurfa ma baƙi take yi. Ƙasan tsibirin na ci gaba da zaunawa, ruwa na ci gaba da sace duwatsun gefe.

Shi ya sa bikin Fašinada ba wasa ba ne kawai. Kowace 22 ga Yuli da faɗuwar rana, ana ɗaure kwale-kwale a jere da igiya, a yi musu ado da rassan itace, a loda musu duwatsu. Limamin cocin da dattawan gari suna na gaba, maza ke tuƙi suna rera tsofaffin waƙoƙi, mata na kallo daga gaɓa. In sun isa, sai su zagaye tsibirin suna jefa duwatsun a gindinsa. Ibada ce, tunawa ce, kuma gyaran harsashi ne na shekara-shekara.

Abin da ke damuna shi ne yawan masu ɗaukar dutsen. A ƙidayar 2011 mazauna Perast ba su kai 300 ba, Katolika kuma 'yan tsiraru ne a cikinsu, ko da yake maƙwabtansu 'yan Otodoks suna girmama wurin. Gidaje da dama sun koma masauki da wuraren cin abinci. Da bazara ƙananan jirage na sauke baƙi a tsibirin ba ƙaƙƙautawa, manyan jiragen yawon buɗe ido na ratsa Verige zuwa Kotor, numfashin jama'a na ƙara danshi a ɗan zauren. Kwamitin UNESCO ya sha nuna damuwa kan yawan gine-gine a gaɓar da kuma shirin gada a kan Verige. A ra'ayina ya kamata a ƙayyade adadin masu shiga zauren a lokaci guda, a riƙa auna danshinsa, masu nutso su riƙa duba gefen tsibirin a kai a kai, kuma wani kaso sananne na kuɗin da jiragen baƙi ke samu ya riƙa komawa ga cocin da iyalan da har yanzu suke kwana a Perast da hunturu.